Ƙugun da Nababa Ya Ƙi Taɓawa

A Tudun Kaba, wani ƙauye arewa da Bici inda gonar wannan take manne da dangar wancan, da wuya ka sami mutum biyar da za su ce maka suna son Nababa. Shi ma, a yi masa adalci, bai taɓa neman a so shi ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, fuskar nan kullum a murtuke kamar wanda aka kawo wa sammaci. In ka gaishe shi ya amsa a taƙaice, in ka ja gaisuwar ya tambaye ka ko da wata magana. Ba ya zaman majalisa, a wurin ɗaurin aure kuma shi ne farkon tashi. Matarsa Hure kaɗai ta iya da shi, ita ma haƙuri ne kawai ya kai ta.

Ubansa haƙar rijiya yake yi. Tun Nababa bai kai shekara goma sha uku ba ake ɗaura masa igiya a zura shi ƙasa, ya tsamo guga, ya tsamo kaza, wata rana akuya. Duhu bai taɓa ba shi tsoro ba, kuma yana iya riƙe numfashi har na sama su fara salati. Yana da shekara goma sha takwas wani yaro ya faɗa rijiyar gidan wasu 'yan kasuwar hatsi masu rumfa a Dawanau. Sai da mutanen gidan suka gama ɓata lokaci da zura gora da kururuwa kafin wani ya tuna da ɗan mai haƙar rijiya. Ya shiga, ya fito da yaron a kafaɗa, amma rai ya riga ya yi halinsa. Yayar yaron, wata budurwa mai suna Jumma, tana tsaye a bakin rijiyar. Ba Nababa ne ya jefa ƙanenta ba, ba kuma shi ya makara ba, amma fuskarsa ta gani tare da gawar, fuskar kuwa ta riƙe. Daga ranar, duk inda aka ambaci sunansa sai ta ce, “Wannan ai gawa hannunsa yake fitarwa.” Shekara arba'in maganar ba ta tsufa a bakinta ba.

Bayan rasuwar ubansa ya bi motar albasa zuwa Fatakwal, ya sami aikin gadi a wata makaranta da ake koya wa ma'aikatan mai yadda za su tsira idan jirgin da ke kai su teku ya faɗa ruwa. Akwai ƙaton tafki na siminti a wurin, da wani keji na ƙarfe da aka ƙera kamar ɗakin matuƙin jirgi, da kujeru da bel da tagogi. Sai a zaunar da mutum, a ɗaure shi, inji ya nutsar da kejin, sannan ya kifa shi, kai ƙasa ƙafa sama. Abin da ake so ɗalibi ya koya ba yawa, amma a cikin ruwa ɗan kaɗan ɗin ke gagara. Hannu ɗaya a kan maɓallin taga, ɗaya a kan ƙarfen bel. Ka jira kejin ya daina juyi, ka ture taga, ka kama bakinta, sannan ka kwance bel ka ja jikinka waje. Wanda ya yi gaggawar kwance bel, ruwa ya juya shi ya rasa ina ne sama. Shi ya sa kullum ake ajiye masu nutso a ƙasa, da tukunyar iska a baya da wuƙa a ƙwauri, suna jiran wanda zai rikice.

Wata shida Nababa yana kallon abin daga bakin ƙofa yana tsaki. Shugaban masu nutson ya gaji da tsakin, ya ce masa in ya fi su iyawa ya shiga. Ya tuɓe rigar gadi ya shiga, ya zauna a ƙasan tafkin har mutumin ya fara cire takalmi zai bi shi. Aka tura shi kwas, aka ba shi takarda, ya shekara goma sha tara yana wannan aiki.

A can ma ba a so shi ba, kuma dalilin ɗaya ne: caje. Ƙa'idar wurin ita ce a tambayi ɗalibi ko akwai wani abu a jikinsa, ya ce babu, a wuce. Nababa bai yarda da baki ba. Sai ya bi mutum da hannu tun daga wuya, damatsa, ƙugu, aljihu, har idon sawu. Ya sha faɗa cewa a duk shekarunsa, waɗanda suka maƙale a keji ba tsoro kaɗai ya riƙe su ba, kusan kullum akwai wani abu: igiyar takalmi, sarƙar wuya, carbi a aljihu, zaren wando da ya yi tsawo. Manyan injiniyoyi sun zage shi, wani Bature ya kai ƙararsa, bai fasa ba. Daga baya makarantar ta mai da cajen doka, ba tare da kowa ya ce masa an gode ba. A hannunsa ba a taɓa fitar da mutum a sume ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake alfahari da shi a duniya.

Da ƙafafu suka fara yi masa ciwo ya tattaro ya dawo gida, ya koma noman gero da gyaɗa a gonar gado. Ya tarar garin yana nan yadda ya bar shi, Jumma ma tana nan, ta zama Hajiya Jumma, mijinta ya rasu ya bar ta da babban gida da ɗa namiji tilo, Najib. Sai ga ikon Allah, duk 'yan matan kwalejin Bici Najib bai ga wadda ta yi masa ba sai Zulfa, 'yar autar Nababa. Hajiya ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta kwanta ciwo na kwana uku, duk a banza. Aka ɗaura aure, Zulfa ta tare a gidan Hajiya, tana zaman ɗar-ɗar. Tsakanin gidajen biyu kuwa gaisuwar ma da kyar.

Najib yaron kirki ne, kuma kunyar surukuta ta yi masa yawa. In ya hango Nababa daga nesa sai ya cire takalmi, ya tsuguna a gefen hanya, ido a ƙasa. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Nababa ma ba ya kama sunansa, sai dai “yaron nan”, kuma hannunsu bai taɓa haɗuwa ba tun ranar ɗaurin aure. Haka aka saba a wurinmu, kuma babu wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da wannan ladabin zai nemi ran mutum.

Aikin Najib a wani kamfani ne mai ƙananan jiragen feshi, waɗanda ake kira idan tsuntsaye jan-baki suka sauka wa gero da dawa. Shi ne mai zama gefen matuƙi yana kula da feshin. Tsuntsayen nan a ciyayin bakin ruwa suke kwana, don haka jirgi ƙasa-ƙasa yake bi a kan dam. Sai kamfanin ya kafa doka: duk mai hawa jirgi sai ya koyi fita daga ɗakin matuƙi a ƙarƙashin ruwa, wanda ba shi da takardar shaida ba zai ƙara tashi ba. Maimakon a kwashi mutane zuwa kudu, aka ɗauko keji a tirela da motar ɗaga kaya, aka girke su a bakin dam ɗin da ke bayan Tudun Kaba, cikin bazara. Shugaban horon, wani matashi mai yawan duba agogo da ake kira Abdulkabir, ya ji labarin akwai tsohon mai nutso a ƙauyen, ya zo har gona ya ɗauke shi. Kafin sati ya zagayo ya yi da-na-sani.

Ranar farko Nababa ya zo da farin kwanon sha ɗaure a igiya, ya zura a ruwa. Bai kai gaba biyu ba kwanon ya ɓace.

“Yau ba a shiga,” in ji shi.

“Malam Nababa, mutum goma sha shida ke jira, an ba ni kwana biyar,” in ji Abdulkabir.

“In ban ga kwano ba, ba zan ga mutum ba. Shanu sun dama ruwan. A hana su nan gefen, a jira ya kwanta.”

Aka jira kwana biyu, makiyaya suna zagi, Abdulkabir yana waya yana ba da haƙuri. Da ruwa ya kwanta, Nababa ya kori mutum biyu saboda mura, ya ce kunnensu zai fashe, ya kori wani saboda ya cika ciki da ɗanwake. Ya sa aka gwada nutsar da kejin babu kowa har sau uku, ya sa direban motar ɗaga kaya ya maimaita alamun hannu har mutumin ya ce shi ba ɗan firamare ba ne. Mutanen gari kuwa sun sami abin kallo. Kullum sai su cika bakin dam, mata a gindin mangwaro, maza a kan tudu, suna dariyar yadda Nababa ke shafa ƙugun manyan matuƙa kamar mai tayin rago a kara.

Sunan Najib ya faɗo a ranar Alhamis. Ran Laraba da la'asar Nababa yana zaune a zaure yana wasa wuƙarsa, Hure ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, Zulfa ta aiko.”

“Lafiya?”

“Lafiya lau. Hajiya ce ta ce a faɗa maka, in ka sa hannu a jikin ɗanta a gaban jama'a yadda kake yi wa sauran, to ka wulaƙanta gidansu, kuma ta san abin da za ta yi.”

“Ta yi mana.”

“Malam, yarinyar nan cikinta wata bakwai. Ita ke zaune a gidan, ba kai ba. Kuma tsakani da Allah, ina aka taɓa ganin suruki ya lalube ƙugun surukinsa gari yana kallo? Ni ma kunyar za ta kashe ni.”

Ya ci gaba da wasa wuƙar. Amma maganar ta shige shi. Ba tsoron Hajiya ba ne, wannan bai taɓa ji ba. Kunyar ce, wadda shi ma da ita aka haife shi, ga kuma Zulfa, wadda duk taurin zuciyarsa ba ya iya ganin hawayenta. Mafitar tana nan a fili: ya ce wa Abdulkabir ko ɗaya mai nutson da aka haɗa su aiki ya caje masa yaron. Amma mutumin da ya shekara goma sha tara yana cewa bai yarda da hannun kowa ba sai nasa, girman kai bai bar shi ya buɗe baki ya roƙi wannan ba.

Ranar Alhamis da hantsi bakin dam ya cika fiye da kullum. Hajiya Jumma ta zo da kujerarta da lema, aka ajiye mata a gaba. Nababa ya caje matuƙin da zai shiga tare da Najib, tun daga wuya har ƙafa. Ya juyo ga Najib, wanda ke tsaye cikin rigar aiki mai haɗe da wando, kai a sunkuye. Kowa yana jiran ya ga yadda za a yi.

Nababa ya tsaya taku biyu daga gare shi, yana kallon gefe. “Yaro, akwai wani abu a jikinka? Zare, carbi, laya?”

“Babu, Baba.”

Ya ɗauki takardar sunaye ya yi alama a gaban sunan Najib, alamar da ke nufin an caje. Ita ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi a bakin aiki. Najib ma ƙarya ya yi. Da sassafe uwarsa ta ɗaura masa tsohon gurun mahaifinsa a ƙugu, na fata mai zoben ƙarfe, ta sa shi ya yi alkawarin ba zai cire ba, don a ganinta ɗanta zai shiga ruwa ne a hannun mai fitar da gawa. Tsakanin alkawarin uwa da kunyar suruki, yaron ya zaɓi ya ɓoye.

Aka ɗaure su a kujeru. Nababa da abokin nutsonsa suka sauka suka tsaya kowa a tagarsa, shi a ta Najib. Aka busa usur, kejin ya nutse, ya kife. Najib ya yi komai daidai, har Nababa ya ji daɗi a ransa: ya jira juyi ya tsaya, ya ture taga, ya kama bakinta, ya kwance bel, ya ja jiki. Kai ya fito, kafaɗu suka fito, sai ya tsaya cak. Ya sake ja, bai motsa ba. Zoben gurun ya leƙo ta tsagar aljihun rigar ya sarƙe da ƙarfen gyara kujera.

Matuƙin ya riga ya ɓulla sama. Ɗaya mai nutson ya yi nufin ba da alamar a ɗaga keji, Nababa ya hana shi da hannu. Kejin yana juyowa ne yayin da ake ɗaga shi, mutum kuwa rabi a ciki rabi a waje, bayansa zai karye. Ya miƙa wa Najib bututun iskarsa, amma yaron ya riga ya fita hayyacinsa, ya doke bututun, ya shaƙo wuyan Nababa da hannu biyu. Shure-shurensa ya tayar da laka, ruwan ya koma kamar kunu, ba a ganin komai. Nababa ya sa goshi ya daki fuskar surukinsa har riƙon ya saki, ya cusa hannu ta taga yana lalube a duhu, kamar yadda ya saba a rijiya. Ya bi haƙarƙari ya gangara, hannunsa ya sauka a kan ƙugun da ya ƙi taɓawa a tudu. Nan ya ji fatar, ya ji zoben. Ya zaro wuƙa ya tsarge rigar, ya yanke gurun.

Da ya fito da shi bakin ruwa, Najib ba ya numfashi, leɓɓansa sun canza launi. Hajiya Jumma ta miƙe, lema ta faɗi. “Na faɗa muku,” take cewa. “Na faɗa muku gawa yake fitarwa.”

Nababa bai ko ɗaga kai ba. Ya kwantar da yaron, ya ɗaga masa haɓa, ya toshe masa hanci, ya haɗa bakinsa da nasa ya hura. Wasu matan suka rufe fuska da mayafi. Ya hura, ya danna ƙirji, ya sake hurawa, yana jin tsoron da bai taɓa ji ba tun ranar rijiyar nan, don fuskar Zulfa kawai yake gani. A karo na huɗu Najib ya yi tari, ya amayar da ruwan dam a gwiwar surukinsa. Aka sa shi a motar asibitin da ke jira aka tafi da shi.

Kada ka ɗauka garin ya gode. Kafin magariba labarin ya kasu kashi uku, kuma babu kashin da Nababa ya fita da kyau. Wasu suka ce ya fasa wa surukinsa hanci da gangan. Wasu suka ce abin kunyar da ya yi a bainar jama'a, baki da baki, bai kamata a ƙara bin sa salla a sahu ɗaya ba. Hajiya kuwa ta ce gurun ne ya riƙe ran ɗanta, sai da aka yanke shi yaron ya suma.

Washegari Abdulkabir ya kira shi cikin rumfar da suka mai da ofis, da takardar rahoto a gabansa.

“Zan rubuta cewa ɗalibi ya firgita. Haka ya fi sauƙi ga kowa.”

“In ka rubuta haka, me zai sami yaron?”

“Ba za a ba shi takarda ba. Sai dai ya koma aikin ƙasa, in akwai.”

“Bai firgita ba sai da ya maƙale. Ya yi komai daidai. Rubuta cewa mai caje bai caje ba, ya yi alamar ƙarya.”

Abdulkabir ya ajiye biro ya dube shi. Kwana shida yana neman hanyar rabuwa da tsohon nan, ga ta ta zo, amma bai ji daɗin da ya zata ba. “Ka san in na rubuta haka, daga wannan rukunin an gama da kai? Ba nan kaɗai ba, ko'ina.”

“Na sani. Rubuta.”

Ya rubuta, Nababa ya sa hannu.

Bayan kwana tara likita ya ce Najib zai iya sake gwadawa, kuma ita ce ranar ƙarshe ta horon, bayan ƙarin kwanakin da kamfanin ya yi. Abdulkabir ya ce shi zai yi cajen da kansa, a huta da fitina. Amma da Najib ya iso bakin kejin, da tabo a karan hanci, sai ya wuce Abdulkabir ya je gaban Nababa. Bai tsuguna ba. Ya tsaya a miƙe, ya buɗe hannuwa biyu, idonsa a ƙasa.

“Baba, ka duba ni.”

Hajiya Jumma ta taso daga kujerarta ta ratso maza har gabansu. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kan tudu ma sun ji.

“Nababa, ka taɓa shi sau ɗaya ka kusa kashe shi. In ka sake sa masa hannu a gabana, wallahi ba kai ba abin da ke cikin 'yarka. Ba za ka gan shi ba, ba za a kawo shi gidanka ba, ita ma ba za ta taka ƙofarka ba muddin ina numfashi. Ka san ni.”

Ya san ta kuwa. Ya san Najib ba zai iya tsallake rantsuwar uwarsa ba, ya san Zulfa ba za ta kashe aurenta ba, shi ma ba zai so ta kashe ba. Ya dubi Abdulkabir, wanda ke tsaye a shirye, hannu a miƙe. Wannan karon mafitar tana gabansa, ba sai ya roƙa ba. Sai dai ya ga yadda Abdulkabir ke caje, shafa biyu a aljihu a wuce, kuma ya san matar da ta ɗaura guru sau ɗaya ba za ta turo ɗanta haka nan a karo na biyu ba.

“Hajiya,” in ji shi, “ranar da na kusa kashe shi, ban taɓa shi ba ne.”

Ya ɗora hannu a wuyan surukinsa. Ya bi damatsa, ya bi haƙarƙari, a hankali, ba tare da ya tsallake ko'ina ba. A ƙugu, ta ciki, yatsunsa suka tsaya. An farke bakin gajeren wandon da ke ƙarƙashin rigar, an cusa laya, an ɗinke, an bar mata wani madaukin zare mai kauri yana reto. Najib kansa bai san da ita ba, fuskarsa ta nuna. Nababa ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya zaro layar, ya gama cajen har idon sawu. Sannan ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu.

“Ki ajiye masa. In ya fito ki mayar.”

Ba ta karɓa ba. Ta tofar da yawu a gefen ƙafarsa ta juya. Ya ɗora layar a kan kujerarta, ya saɓa tukunyar iska, ya shiga ruwa.

Aka nutsar da kejin sau huɗu, biyu a tsaye biyu a kife, kuma sau huɗu Najib yana fitowa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Da yamma aka ba shi takardarsa. Aka loda kejin a tirela, Nababa ya mayar da kayan nutso, ya ɗauki farin kwanonsa ya koma gida a ƙafa. Babu wanda ya raka shi.

Hajiya ta cika alkawarinta, don ita ma ba ta san wasa ba. Zulfa ba ta ƙara zuwa ba, sai dai saƙon gaisuwa a ɓoye ta bakin mai tallan nono. Hure ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana sai ta dole. Najib in ya haɗu da shi a hanya yakan tsuguna kamar da, ya daɗe a tsugune, amma ba ya iya cewa komai bayan gaisuwa. Damina ta sauka, Nababa ya yi shuka, ya yi noman farko shi kaɗai.

Zulfa ta haihu ranar wata Talata, namiji. A bakin maƙwabta suka ji. Aka raba goron suna gida-gida a Tudun Kaba, har gidan mai gyaran keke da ya zo garin bara, aka tsallake ƙofa ɗaya. Ranar sunan da safe Nababa ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ta hanyar bayan gari, don kada ya bi ta ƙofar gidan Hajiya inda aka shimfiɗa tabarmi. Yana aiki yana jiyo hayaniyar taron daga nesa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har sau biyu yana ajiye fartanya ya zauna.

Da azahar Hure ta kawo masa fura, idonta jajur. Ta ajiye kwanon ta zauna a kan kunyar gona, ta ba shi baya.

“Jikanmu na fari daga Zulfa,” in ji ta. “Ko sunan ba a aiko mana ba. A bakin yara na ji. Da ka bar mutumin nan ya caje shi, da yanzu muna can.”

Nababa ya daɗe yana juya ludayi a cikin furar bai sha ba.

“Wa ya yi wa yaron huɗuba?”

“Ubansa mana.”

“Wa ya tsaya aka yanka ragon?”

“Ubansa. Malam, wace irin tambaya ce wannan?”

“Da ƙafarsa ya tsaya?”

Hure ta juyo ta dube shi. Sai hawayen da take riƙewa suka zubo.

“To,” in ji Nababa. Ya kafa kai ya shanye furar, ya miƙa mata kwanon, ya ɗauki fartanyarsa ya koma kan kunyar da ya bari.